Me-kika-gani da Tabon Fararen Riguna

A kamfanin ɗinkin da ke bayan tashar mota, in ka nemi shugabar ma'aikata da sunanta na gaskiya, sai ka zagaye ɗakuna uku ba ka sami wanda ya gane wadda kake nufi ba. Amma ka ce Me-kika-gani, ko mai sayar da ruwa a bakin ƙofa zai nuna maka ita. Gajeruwar mace ce mai ɗan jiki, tef ɗin awo rataye a wuya, tabarau a karan hanci, galibi tana tsaye kusa da keken wata ta sunkuyar da kai kamar mai karɓar sirri. Shekararta talatin da ɗaya a wurin. Sunan kuwa bai wuce shekara ashirin ba, kuma kafin ya kama ta sai da ta sha kunya har sau biyu.

'Yar mai gyaran agogo ce. Mahaifinta yana da wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum biyu a zaune, kuma haka yake so. Yakan maƙala gilashi a ido ɗaya ya duƙufa, in mai agogo ya fara ba shi shawara sai ya ajiye ɗan ƙarfen hannunsa ya naɗe hannu, ya jira mutum ya gama, sannan ya ce, "To, ka gyara ko in gyara?" Ta taso tana ganin hakan shi ne ƙwarewa: ka san aikinka, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ta shiga kamfanin tana da shekara ashirin da biyu, aka sa ta ɗinkin aljihu. Cikin shekara guda ta wuce kowa. Hannunta ba ya rawa, layinta ba ya karkacewa, tana iya gane allurar da ta dakushe daga ƙarar keken da ke layi na uku. Shekara tara bayan haka Manaja ya ɗora ta a kan mata talatin da maza biyar. Ta riƙe aikin kamar yadda babanta ya riƙe shagonsa. In wata ta buɗe baki ta ce, "Yaya, ni dai ina ganin...", sai ta katse ta: "Ban tambaye ki ba. Taka kekenki."

Kunyar farko wando ne ya jawo ta. Wata makaranta ta ba da aikin wandunan ɗalibai ɗari huɗu. Yadi ya iso, ta shafa shi, ta murza, ta ce ya yi, a yanka. Aka yanka, aka ɗinka, aka kai. Sati biyu sai ga shugaban makarantar da kansa ya shigo harabar kamfanin, ɗalibai uku na biye da shi, kowanne ƙwaurinsa a waje. Wanki ɗaya yadin ya sha ya tsuke. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai jera yaran a gabanta ya ce, "Hajiya, wando muka ce, ba gajeren wando ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai ba dariyar da mata suka riƙa dannewa ba ce. Da yamma mai guga ta same ta a sito, tana wasa da bakin mayafinta, ta ce, "Yaya, ni fa tun ranar farko na ga wani ƙyalle ya motse da na fesa masa ruwa."

"Kika yi shiru?"

"Kin ce ba ki tambaye ni ba."

Mai sito ma ta ce ta lura takardar da ke jikin bandir ɗin ba irin wadda aka saba ba ce. Ita ma ta yi shiru, saboda dalili guda. Mutum biyu suna riƙe da abin da zai ceci wando ɗari huɗu, ita ce ta toshe musu baki.

Ba mace ce mai tsayawa kukan abin da ya wuce ba. Ranar Litinin ta tara kowa a ɗakin yanka ta ce daga yau duk sati za a zauna, kowa ya faɗi abin da ke ransa, abin da jama'a suka yarda da shi shi za a yi. Aka tafa mata. Shekara biyu ana wannan taro, tana alfahari da shi, har takan gaya wa ƙawayenta cewa ita yanzu ba ta yanke komai ita kaɗai. Ba ta lura ba cewa mutum uku ne ke magana a kowane zama, sauran kuwa kai kawai suke gyaɗawa suna kallon agogon bango.

Ana nan sai aka sami aikin fararen riguna na ma'aikatan wani asibiti, aiki mai yawa da zai ɗauki wata uku. A sati na uku tabo ya fara bayyana. Ɗige-ɗige ne rawaya-rawaya, ƙanana kamar an yarfa da yatsa, kuma ba sa fita a wanki. Riga sittin aka ware gefe. Manaja ya shigo taron Litinin da kansa, ya baza riga ɗaya a kan teburin yanka ya ce a gaya masa mene ne wannan.

Mai yanka ne ya fara magana. Dogon mutum ne mai murya kamar yana kiran wani daga tsallaken titi, kuma ya iya aikinsa, ba a taɓa kama shi da kuskuren awo ba. Ya ɗaga rigar ya duba a hasken taga ya ce, "Wannan ai ba sai an wahala ba. Man keke ne. Baba Makaniki ya canza mai watan jiya, kowa ya sani."

"Haka ne," in ji wata daga baya. "Ni ma na ce man nan ya yi ruwa da yawa."

Kafin minti biyar ɗakin gaba ɗaya ya zama man keke. Wadda ba ta taɓa ganin tabon ba sai yau ta rantse tun sati biyu take zargin man. Baba Makaniki, tsoho mai furfura da ya girmi kowa a wurin, yana tsaye bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ya ce a hankali, "Ni dai ban ga keken da ke zubar da mai ba." Ba wanda ya ji shi. Ita ma shugabar ta ji, amma ta duba fuskoki talatin da suka haɗu a kan magana ɗaya, ta ce a ranta wannan yawan ba zai taru a kan kuskure ba.

Kwana biyu aka tsayar da aiki. Baba ya kwance kekuna talatin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya zuba tsohon mai. Aka koma ɗinki ranar Laraba da sabon yanka, har Juma'a ba tabo, mai yanka yana yawo yana cewa ai ya faɗa. Sati na zagayowa, ranar Talata, mai ninke kaya ta ajiye wa shugabar riga goma sha bakwai a kan tebur, duk da ɗige-ɗigen. Manaja ya kira ta ofis ya ce tsohon nan idonsa ya mutu, a sallame shi a nemo wani.

"Ranka ya daɗe, ba ni kwana uku," ta ce.

"Ki yi me da su?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ka ba ni."

Mijinta malamin firamare ne, mutum mai sanyi da son zolaya. Washegari da safe suna shan shayi ya ga ta zuba wa kofi ido ba ta kurɓa, ya tambaya, ta kwashe duka ta gaya masa. Ta ƙare da cewa, "Na yi ni kaɗai na sha ƙasa. Na tara jama'a mun sha ƙasa tare. To ina zan dosa?"

Ya yi dariya. "Mutum nawa ne suka ce mai ne?"

"Talatin da wani abu."

"A'a. Mutum ɗaya ne ya ce, sauran suka maimaita. Ni kullum nake gani a aji. In na yi tambaya yaron da ke zuwa na ɗaya ya riga kowa amsawa, to shi ke nan, duk wanda na nuna amsarsa zai ba ni, ko da kuwa ba daidai ba ce. In ina son in san abin da ke kan kowa, sai in ce a rufe baki a ɗauki fensir."

"Ni matan nan zan raba wa fensir? Su ce na mai da su 'yan aji biyu?"

"Wannan kuma ke ta shafa, uwar gida. Ni dai a ƙara mini sukari."

Ba ta raba fensir ba. Ta shiga kamfani ta ajiye jakarta, ta fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya a inda suke aiki, cikin ƙarar kekuna, yadda ta kusa ba za ta ji ba. Mata biyar na farko duk suka ce man keke. Sai ta gane laifin tambayarta ne: tana cewa "me kike tsammani", su kuwa suna miƙo mata tsammanin mai yanka. Da ta isa wurin mai guga sai ta sauya.

"Ban ce ki gaya mini dalili ba. Me kika gani? Da idonki."

Mai guga ta waiga hagu da dama. "Yaya, rigar fes take zuwa hannuna. Sai na ɗora dutsen guga sannan tabon ke fitowa. Tabon mai kuwa tun kafin guga ake ganinsa. Kuma in ya fito akwai wani ɗan wari mai hawa kai."

"Me ya hana ki faɗa ranar taro?"

"Kowa ya riga ya ce mai. Ni wa?"

Ta wuce wurin mai ninke kaya, mace mai shiru da ke duba kowace riga kafin ta shiga leda. Ita ta ce ba ta san komai ba. Sai da aka tambaye ta sau uku sannan ta ce, abu ɗaya dai, ba ta taɓa ganin tabon a gaba ko a hannu ba, kullum a bayan riga yake. Kuma kayan da ke iso mata Litinin da Talata ne ke da tabon, na ƙarshen sati lafiya lau suke. Ta ɗauka ba wani abu ba ne, shi ya sa ba ta ambata ba.

Bayan riga. Farkon sati. Sai an sa zafi. Ta tsaya tsakiyar ɗaki tana juya abubuwan nan uku, sun ƙi haɗuwa. Ta yini tana tambaya, ta ji labarin zaren da ke tsinkewa, da fankar da ke ƙara, da wadda ke ɗauke wa wata almakashi, babu wanda ya shafi tabo. Rana ta biyu ta zo da wuri ta tarar da Inna mai shara ita kaɗai a ɗakin yanka. Inna ba ta zuwa taro, don lokacin da ake zama ta riga ta tashi aiki. Ba wanda ya taɓa tunanin a kira ta.

"Inna, ina kwana. Kin ga wani abu da ya canza a ɗakin nan cikin watan nan?"

"Ni me zan gani, 'yar nan, ban da ƙura da zare?" Ta ci gaba da shara. Can ta tsaya ta dogara da tsintsiya. "Sai dai kyankyasai. Duk Litinin sai na kwashe matattu cike da abin kwasar shara. Can ƙarƙashin kantar bango. Da ba na samun ko ɗaya."

Shugabar ta juya ta kalli kantar. A nan ake jera ɗaurin bayan riga in an yanka, gaba da hannuwa kuwa suna kan teburin tsakiya. Duk abin da aka yanka Juma'a da Asabar a nan yake kwana har Litinin, a buɗe. Ta fita da sauri ta sami mai gadi yana karyawa a ɗakinsa.

"Wa ke shiga ɗakin yanka bayan mun tashi ran Asabar?"

"Ni ne, Hajiya. Feshin maganin ƙwari nake yi. Manaja ya ga gara ta fara cin katakon bangon nan, ya kawo mini galan da famfo ya ce duk Asabar in bi jikin bangon. Yau sati biyar ke nan."

"Ka san maganar tabo?"

"Na ji an ce man keke ne."

Ba ta je ofis da baki kawai ba. Ta yanko farin ƙyalle, ta sa mai gadi ya fesa masa maganin daga nesa, ta shanya shi har ya bushe ya koma fes. Sannan ta roƙi Manaja ya sauko ɗakin guga, ta sa aka kira mai yanka da Baba Makaniki. Ta miƙa wa mai guga ƙyallen. Dutse na sauka, ɗige-ɗigen suka taso ɗaya bayan ɗaya, warin ya cika ɗakin.

Manaja ya daɗe yana kallon ƙyallen. Mutum ne mai zafi amma ba ya musun abin da ya gani. Ya ce, "Wato ni ne." Ya juya wajen tsohon. "Baba, ka yafe mini."

"Ni ma ka yafe mini, Baba," in ji shugabar. "Ka faɗa a gaban kowa, na ji ka, na bi yawa."

Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce ba komai, amma a bar shi ya mai da sabon mansa, don ya fi tsohon. Mai yanka ya yi gyaran murya ya ce shi dama bai ce lalle mai ne ba, cewa ya yi yana kama da mai. Mai guga ta fashe da dariya har sai da ta ajiye dutse.

Manaja ya so ya yabi shugabar a gaban ma'aikata cewa ita ta gano. Ta ce a'a, ita ba ta ga komai ba, mutum huɗu ne suka gani, kowanne da guntunsa, kuma ba wanda guntunsa zai yi amfani shi kaɗai. Ita dai ƙafa ta ba da.

Daga ranar ta rage taron Litinin ya koma na sanarwa kawai. In matsala ta taso sai ta ɗauki ƙafa, keke bayan keke, daga mai shara har mai yanka, kuma ba ta taɓa bari a ji nata ra'ayin kafin ta gama zagaye. Mai yanka takan bar shi a ƙarshe, don in ya riga faɗa, kafin azahar ta zama maganar kowa. In mutum biyar suka kawo mata zance iri ɗaya takan tambayi kowanne, "Kin gani ne ko kin ji?" Sau da yawa in ta bi sawun sai ta tarar baki biyar ne amma ido ɗaya. Matan suka fara kwaikwayonta a bayan ido, wata ta sunkuyar da kai ta sauke tabarau na ƙarya ta ce wa ta kusa, "Me kika gani?" Da ta ji ba ta yi fushi ba. Sunan ya zauna.

Babbar 'yarta, da ta yi karatu mai zurfi, ta taɓa tsare ta da tambaya wata ranar hutu suna tsefe kai. "Umma, ke a ganinki wa ya fi basira, mutum ɗaya mai ilimi ko taron jama'a?"

"Wane taron? Wanda aka tara a ɗaki ɗaya mai murya ya riga kowa magana? Wannan ai gara mutum ɗaya, ko ba komai in ya ɓata an san wanda za a kama. Amma mutum talatin da kowanne ke tsaye a kusurwarsa yana ganin abin da saura ba sa gani, babu gwanin da zai kamo su. Sai dai fa ba sa haɗuwa da kansu. Sai an sami mai zagayawa."

"Ashe dai mutum ɗayan ake komawa."

"Ana komawa gare shi ya haɗa, ba ya sani ba. Juyo nan, kin bar wannan gefen."

Ba kullum take bin abin da ta tara ba. Lokacin da aka kawo sababbin kekuna masu lantarki, kusan kowa ya ce mata a bar su a sito, za su cinye yatsu. Ta tambaya ta ga ba wadda ta taɓa hawa irinsu, tsoro ne kawai ke yawo daga baki zuwa baki. Ta zauna a kan ɗaya da kanta sati guda a gaban kowa, sannan ta ce a jera su. A wurinta, abin da mutum ya gani shi ake tarawa, abin da yake tsoro kuwa sai a lallashe shi.

Bara gwiwa ta fara damunta, hawa matakalar sito ya zama aiki. Manaja, wanda shi ma ya yi furfura, ya ce ta zaɓi wadda za ta gaje ta. Tana da wadda take so a ranta, wata mai ladabi da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma ta yi zagayenta yadda ta saba, ta tambayi kowa shi kaɗai: in zare ya cukurkuɗe ko awo ya rikice ba na nan, wurin wa kike zuwa? Mata ashirin da uku suka ambaci mutum ɗaya, mai ɗinkin wuyan riga da ke can ƙarshen layi, wadda ake wa laƙabi da Gardama saboda ba a taɓa faɗin abu ta ce to ba. Shekara takwas suna sa-in-sa da ita.

Ta koma gida ranta a jagule. Mijinta ya ce, "To ki ce ba ki ji ba mana. Wa ya sani?"

"Ni na sani," ta ce.

Da safe ta kai wa Manaja sunan Gardama. Yanzu wata huɗu ke nan suna aiki tare kafin Me-kika-gani ta ajiye aiki a ƙarshen shekara. A satin farko Gardama ta ce tsarin jera kekunan da aka shekara goma sha biyar ana bi ɓata lokaci ne, masu aljihu sun yi nisa da masu maɓalli, ana ta yawo da kaya a hannu. Suka yi musu har aka tashi cin abinci. Daga baya shugabar ta tsaya bakin ƙofa da agogo ta ƙirga sau nawa ake ratsa ɗakin cikin awa guda, ta samu arba'in da ɗaya. Ranar Asabar ta sa aka kira maza suka ja kekunan yadda Gardama ta zana a bayan kwali, ita kuma tana zaune a kan kujera ta miƙe ƙafar da ke ciwo, tana nuna musu inda za su kauce wa wayar wuta.